Daga ina maganin zazzaɓin gobe zai fito?

A daminar da ta wuce na yi kwana biyu a gidan ƙanwata, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da 'yarta mai shekara biyar, kuma tun daga ranar wata tambaya da ta yi mini ba ta bar zuciyata ba. An yi wa yarinyar gwajin jini na ɗan yatsa, layi biyu suka fito, aka rubuta mata maganin nan mai ruwan ɗorawa da kowa ya sani, wanda ake sha safe da yamma har kwana uku. Ina zaune a bakin gado uwar tana murƙushe maganin a cikin cokali, tana ɗiga masa ruwa, tana lallashin yarinyar ta haɗiye sannan ta kora da madara, domin likita ya ce maganin ya fi ratsa jiki idan aka haɗa shi da abinci mai maiƙo. Kafin gari ya waye a kwana na biyu zafin jikin ya sauka, har yarinyar ta nemi a dama mata kunu. A nan ne uwar ta dube ni ta ce, "Yaya, mu da muna yara kulorokwin ake ba mu, yanzu an ce ya daina aiki. Idan wannan ma ya bi sahunsa, me za mu ba yaran nan?"

Tambayar tana da tushe mai ƙarfi. Kulorokwin ya yi wa duniya aiki na shekaru masu yawa cikin sauƙin kuɗi, har ƙwayar maleriya ta koyi bijire masa, bijirewar ta iso gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ta yi ta bazuwa har Najeriya ta sauya shi a hukumance a 2005 da magungunan da ake haɗawa da sinadarin atemisinin. To, shi ma atemisinin ɗin an fara ganin yana jinkiri wajen share ƙwayar cutar daga jini a yammacin Kambodiya wajajen 2008, sannan a 2020 aka tabbatar da irin wannan alama a Ruwanda, daga baya a Yuganda da Iritiriya da Tanzaniya. Ya kamata in faɗa a fili cewa magungunan da ke hannunmu yau suna warkarwa, kuma wanda likita ya rubuta wa ya shanye su har ƙarshe. Amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 sun nuna an kamu da cutar sau miliyan 263, mutum 597,000 suka rasu, kuma Najeriya ita kaɗai ta ɗauki sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rasuwa. Ƙasar da ke ɗauke da irin wannan kaya ba ta da damar yin ko-in-kula da abin da ke gudana a ɗakunan binciken da ake neman magajin maganin yau.

Abin da na fi son mu duba shi ne matakin farko na wannan nema, wato tun kafin a kai ga asibiti, lokacin da ba a ma san ko akwai maganin ba. Tarihin atemisinin kansa ya nuna yadda ake yi a da. A 1967 gwamnatin ƙasar Sin ta kafa wani shiri na neman maganin maleriya, aka sa wata masaniya mai suna Tu Youyou ta jagoranci wani rukuni a cikinsa, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan magani suka tattara haɗe-haɗe sama da 2,000, suka riƙa tatso ruwan tsirrai suna gwadawa a kan ɓeraye ɗaya bayan ɗaya. Wani ganye ɗan uwan tazargade ya riƙa ba su sakamako mai hawa da sauka, har ta koma ga wani rubutu na ƙarni na huɗu wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba tare da ambaton tafasawa ba. Sai ta gane cewa zafi ne yake lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsowa zuwa mai ƙarancin zafi, kuma a 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar baki ɗaya a jikin dabbobin gwaji. Da tsohuwar zuma aka yi wannan magani, kuma ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015, sai dai hanya ce ta shekaru da haƙuri wadda ba ta iya tantance abubuwa fiye da 'yan ɗaruruwa.

Abin da ya buɗe ƙofar zamanin da muke ciki ƙaramin abu ne a ido. A 1976, a Jami'ar Rockefeller da ke New York, William Trager da James Jensen suka gano yadda za a raya ƙwayar maleriya mafi kisa a cikin jinin mutum a wajen jiki, ta ci gaba da hayayyafa ba tare da yankewa ba. Dabarar da suka yi amfani da ita har da kyandir: sukan sa faranten jinin a cikin wani tulun gilashi, su kunna kyandir a ciki su rufe, wutar ta cinye wani kaso na iskar shaƙa sannan ta mutu da kanta, sai yanayin cikin tulun ya yi kusa da abin da ƙwayar ta saba da shi a jijiyar mutum. Daga ranar da aka iya kiwon ƙwayar cutar kamar yadda ake kiwon kaji, aka samu damar jarraba mata duk abin da aka ga dama, a duk lokacin da aka ga dama.

Yau ga yadda ake wannan jarrabawa. Akwai wani farantin roba wanda bai wuce tafin hannu ba, an yi masa ramuka jere kamar gurabun dara, wani guda 384, wani har 1,536. Na'ura mai sarrafa kanta takan ɗiga jini mai ɗauke da ƙwayar cutar a kowane rami, sannan ta ƙara wani ɗigo na sinadari wanda ido ba ya iya gani, kowane rami da irin nasa. Sai a ajiye farantin a ma'ajiya mai ɗumin jikin mutum na kwana biyu zuwa uku, domin ƙwayar takan ɗauki awa 48 kafin ta cika zagayenta a cikin jan ƙwayar jini ta fasa ta ta shiga wata. Bayan haka sai a zuba wani rini da ke yin haske idan ya haɗu da sinadarin gado na DNA. Hikimar da ke nan ta burge ni ƙwarai: jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da DNA a cikinsu, saboda haka duk hasken da aka gani na ƙwayar cutar ne. Ramin da ya haskaka, sinadarinsa bai yi komai ba. Ramin da ya yi duhu, a nan aka samu abin da ya hana ta yaɗuwa. Da irin wannan tankaɗe kamfanin magunguna na GSK, a cibiyarsa ta Tres Cantos da ke kusa da Madrid a Sifaniya, ya tankaɗe sinadarai kusan miliyan biyu, kuma a 2010 ya wallafa sunaye da siffofin guda 13,533 da suka nuna ƙarfi, ya bar su a fili ga duk mai son ɗauka. Bayan nan ƙungiyar MMV, wadda aka kafa a Jeniba a 1999 domin neman magungunan maleriya, ta zaɓi guda 400 daga irin waɗannan sinadarai ta zuba a akwati ta riƙa aika wa masu bincike kyauta a ƙasashe daban-daban. A ganina wannan sakin hannu yana cikin manyan kayan aikin zamanin, ko da yake ba na'ura ba ne, domin kamfanoni sun saba kulle irin wannan sani a aljihu, kuma maganin cutar talakawa ba ya kawo ribar da za ta sa kamfani ɗaya ya ɗauki jinkar shi kaɗai.

Amma tankaɗe yana barin babbar tambaya a baya. An ga sinadari ya kashe ƙwayar cutar, to ta ina ya kashe ta? Masana sukan kwatanta magani da mabuɗi, furotin ɗin da yake kamawa a jikin ƙwayar cutar kuma da kwaɗo, kuma wanda bai san kwaɗon ba yana gyaran mabuɗinsa ne a cikin duhu. Lokacin da aka kammala karanta kundin gadon ƙwayar maleriya a 2002, aka tarar da babi kimanin 5,300, kowane babi umarni ne na ƙera wani furotin, mutane da yawa sun ɗauka an gama, sai dai a zaɓi kwaɗo a ƙera masa mabuɗi. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Fiye da rabin waɗannan babobi ba su yi kama da wani abu da aka sani a sauran halittu ba, kuma sau da yawa sinadarin da ya kama furotin da kyau a cikin kwalba yakan kasa tsallake bangon jan ƙwayar jini da bangayen ƙwayar cutar ya isa inda ake buƙatarsa.

Hanyar da ta warware wannan ƙulli ita ce wadda ta fi kwanta mini a rai a duk fagen nan, domin ta mayar da makamin abokin gaba ya zama fitilar bincike. Ana ɗaukar miliyoyin ƙwayoyin cutar a raya su tare da sinadarin da ake bincike, a kashin da ba zai ƙarar da su duka ba, a yi ta ƙarawa sannu a hankali na makonni ko watanni, har a samu wasu 'yan tsiraru da suka koyi rayuwa da shi. Sai a karanta kundin gadon waɗannan masu taurin kai daga farko har ƙarshe, a jera shi kusa da na iyayensu waɗanda ba su taɓa ganin sinadarin ba, a nemi harafin da ya sauya. Sau da yawa wurin da sauyin ya faɗa shi ne wurin da maganin yake bugu, ko kuwa ƙofar da ƙwayar take bi ta tsere masa. A da karanta kundi ɗaya aikin shekaru ne na ƙasashe da yawa, yanzu kuwa aikin kwanaki ne a ɗaki guda, kuma wannan sauƙin shi ya mayar da dabarar abin yi na yau da kullum. Da ita aka gano sirrin wani sabon maganin maleriya mai suna cipargamin, wanda masu binciken Novartis a Singafo da abokan aikinsu suka bayyana a 2010: sauye-sauyen duka sun taru a kan wani furotin da daga baya aka tabbatar famfo ne da ƙwayar cutar take fitar da sinadarin sodiyam, wato na cikin gishiri, daga jikinta. Idan maganin ya toshe famfon sai sodiyam ya taru, ƙwayar ta kumbura ta mutu. Da aka gwada shi a kan majinyata 21 a Tailan, an wallafa a 2014 cewa a tsaka-tsaki cikin awa 12 ake daina ganin ƙwayar cutar a jininsu. Da irin wannan dabara kuma aka gano alamar bijire wa atemisinin: masu bincike a Faransa sun shafe shekara biyar suna shayar da wata ƙwaya 'yar asalin Tanzaniya maganin suna janyewa, har ta bijire, aka ga sauyin a babin da ake kira kelch13, aka duba jinin majinyatan Kambodiya aka tarar da sauye-sauye a wannan babin dai. Sakamakon ya fito a 2014, kuma da shi ne ake sa ido a Afirka har yau.

A 2014 ɗin ne kuma aka fara amfani da almakashin gado na CRISPR a kan ƙwayar maleriya. Amfaninsa a nan shi ne kawar da shakka, domin mai bincike zai iya ɗaukar ƙwaya mai jin magani, ya sauya mata harafi ɗaya tak da hannunsa, ya ga ko za ta bijire. Idan ta bijire, magana ta ƙare. Sannan a 2018 wani rukuni daga Jami'ar Kudancin Florida da Cibiyar Sanger ta Ingila suka bi babobin kundin suna lalata su, suka fitar da 2,680 waɗanda ƙwayar ba ta iya rayuwa a cikin jini idan babu su, wanda hakan ya rage wa masu neman kwaɗo rabin wahalar lalube.

Akwai wata fa'ida ta biyu a dabarar nan ta raya ƙwayar cutar tare da sinadari wadda ta shafi tambayar ƙanwata kai tsaye. Tunda ana iya tilasta wa ƙwayar cutar ta bijire a ɗakin gwaji, ana iya auna saurin bijirewarta tun kafin a kashe dukiya a kan magani. Sinadarin da ƙwayoyi kaɗan suka isa a samu mai tsere masa a cikinsu, an san rayuwarsa a kasuwa ba za ta yi tsawo ba. Wanda kuwa aka tara masa ƙwayoyi biliyan guda aka yi watanni ba a samu ko ɗaya ba, shi ake riƙewa da hannu biyu. Gaskiyar wannan ma'auni ta bayyana a jikin mutane, domin wani sinadari mai suna DSM265, da aka gwada a Peru, an samu majinyatan da cutar ta dawo musu ɗauke da sauyi a daidai furotin da maganin yake kamawa, haka kuma aka gani da cipargamin a gwajin da aka yi masa shi kaɗai a ƙasashen Afirka. Shi ya sa babu mai niyyar fitar da sabon maganin maleriya ba tare da abokin tafiya ba, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta samu mafita daga mabuɗai biyu a lokaci guda.

Bayan an san kwaɗon sai a so ganin siffarsa. Akwai madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da ke aiki da ilektiron a kan samfurin da aka daskarar cikin ƙiftawar ido, wanda ya jawo wa mutum uku lambar Nobel a 2017, kuma da shi ne a 2019 aka ga siffar furotin ɗin da ƙwayar cutar take amfani da shi wajen fitar da kulorokwin daga inda yake yi mata illa. Wato sai bayan shekaru kusan sittin da fara bijirewar aka ga fuskar abin da ya kayar da maganin yarintarmu. Sannan ga manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind, wadda ke hasashen siffar furotin daga jerin haruffansa kawai. A 2021 aka buɗe rumbun hasashenta kyauta, ƙwayar maleriya tana cikin halittun farko da aka saka, kafin 2022 ta ƙare siffofin sun haura miliyan 200, kuma a 2024 Demis Hassabis da John Jumper, waɗanda suka jagoranci ƙera ta, suka raba lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi mai kwamfuta da intanet zai iya buɗe siffar da a da sai an yi shekaru ana nema. Sai dai furotin na ƙwayar maleriya suna da dogayen sassa masu maimaita harafi iri ɗaya, kuma a irin waɗannan wurare hasashen yakan yi rauni, ita kanta manhajar takan nuna cewa ba ta da tabbaci.

Wannan ya kawo ni ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ita ce ake ta yayatawa. Misalin da aka fi kawowa ya fito ne daga neman maganin bakteriya: a 2020 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka suka koya wa kwamfuta sakamakon gwajin sinadarai kimanin 2,300, suka sake ta a kan wani rumbu na daban, ta nuna musu wani tsohon sinadari da aka taɓa bincika domin ciwon sukari, suka gwada suka tarar yana kashe bakteriya masu taurin kai, suka raɗa masa suna halicin. Aiki ne mai kyau, kuma ban raina shi ba. Amma a lura da tsarin abin: mutane ne suka fara gwada sinadarai 2,300 ɗin da hannu, kwamfuta ta koya daga gare su, sannan mutane suka koma ɗakin gwaji suka tabbatar. Abin da kwamfuta take yi shi ne rairaya, ta rage tarin da za a saya ko a haɗa daga miliyoyi zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma ga ɗakin binciken da kuɗinsa ƙididdigagge ne wannan babban taimako ne. Ba ta taƙaita watannin da ake ɗauka ana duba ko sinadari zai taɓa hanta ko zuciya, ba ta kuma sauya gaskiyar cewa kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai ga gwaji a jikin mutum ba sa kai labari. Ina jin damuwa idan na ga ana gaya wa matasanmu cewa kwamfuta ta maye gurbin ɗakin gwaji, domin irin wannan magana takan ba masu riƙe da kasafi hujjar ƙin gina ɗakin.

Tsakanin faranti da asibiti ma an samu sababbin gadoji. Ƙwayar maleriyar mutum ba ta kama ɓera, saboda haka aka samar da ɓeraye marasa garkuwar jiki waɗanda ake ƙara musu jinin mutum, ƙwayar ta rayu a ciki a gwada maganin a kanta. A Brisbane ta Ostireliya kuma akan samu lafiyayyun mutane 'yan sa kai a sa musu ƙwayar cutar kaɗan, a riƙa bibiyar jininsu da na'ura mai gano ta tun ba su fara jin ciwo sosai ba, a ba su sabon maganin a ga saurin aikinsa, sannan a kammala da maganin da aka amince da shi.

Labarin da ya fi taɓa ni a duk wannan tafiya na Afirka ne. A 2010 Farfesa Kelly Chibale, ɗan ƙasar Zambiya, ya kafa cibiyar binciken magunguna ta H3D a Jami'ar Cape Town, kuma tare da MMV suka ɗauki wasu sinadarai da tankaɗe ya fitar, suka yi ta sassaƙa su, a cire wannan gefe a ƙara wancan, a sake gwadawa, har suka samu wanda aka sa wa lamba MMV390048. A 2014 ya shiga gwaji a jikin mutane, ya zama maganin maleriya na farko da aka gano a nahiyar Afirka ya kai wannan matsayi, har aka kai shi ga majinyata a Habasha. Daga baya gwajin ɓeraye masu ciki ya nuna yana iya yi wa ɗan tayi lahani, aka dakatar da shi. Duk wanda ya san yawan mata masu juna biyu da zazzaɓi ke kwantarwa a garuruwanmu, da yawan waɗanda ke shan magani tun ba su san suna da ciki ba, zai yarda cewa dakatarwar ita ce daidai, ko da ta yi ciwo. Kuma aikin bai tafi a banza ba, domin cibiyar ta tara sakamakon gwaje-gwaje na fiye da shekara goma, na waɗanda suka yi aiki da na waɗanda suka faɗi, kuma a kan wannan taska ce ita da ƙungiyar Ersilia suka horar da manhajar ZairaChem da suka bayyana a 2023, wadda ke hasashen ko sinadari zai yi aiki kafin a ɓata lokaci wajen haɗa shi. Da ba su yi shekarun nan a kan teburin gwaji ba, da babu abin da za su koya wa kwamfutar.

Amsar da ta fi kusa ga tambayar ƙanwata a yanzu ita ce wani sabon magani mai suna ganaplacide. Shi ma daga tankaɗen miliyoyin sinadarai ya fito, a cibiyar Novartis da ke San Diego, kuma yana aiki ta hanyar da ta bambanta da ta atemisinin, yana dagula yadda ƙwayar cutar take jigilar furotin a cikin jikinta. An haɗa shi da lumefantirin, wato abokin tafiyar da ke cikin maganin nan mai ruwan ɗorawa, kuma a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da sakamakon babban gwajinsa a kan mutum 1,668 a ƙasashen Afirka 12, inda ya warkar da sama da kashi 97 cikin 100. Sau ɗaya ake shan sa a rana har kwana uku. Amma a duba tsawon hanyar: tun 2011 aka wallafa bayanin dangin sinadaran da ya fito daga cikinsu, wato shekara 14 kafin wannan sakamako, kuma bayan sakamakon akwai neman amincewar hukumomi da batun farashi da isowa kantunan magani. Maganin da jikokinmu za su sha, idan wannan ya gaji, dole ne a ce yau yana cikin wani rami a wani faranti.

Akwai wani abu da ya kamata ya dame mu a nan. Ƙwayar da aka fi amfani da ita a ɗakunan gwaji na duniya, wadda ake kira 3D7 kuma ita ce aka karanta kundinta a 2002, ta samo asali ne daga jinin wani majinyaci da ke zaune kusa da filin jirgin saman Amsterdam, kuma ta shafe shekaru sama da arba'in tana rayuwa a cikin kwalba. Ƙwayoyin da ke yawo a jinin yaran Kano da Katsina da Damagaram sun sha kulorokwin, sun sha Fansidar, suna kuma haɗuwa da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara duk damina, saboda haka tarihinsu daban ne. Jikin mutane ma haka yake. Duk wanda ya sha kulorokwin a cikinmu ya tuna ƙaiƙayin nan da ke hana barci, wanda an tabbatar ya fi addabar baƙar fata, kuma ya sa mutane da yawa suka riƙa yanke shan magani a tsakiya. Al'ummar Afirka ta fi kowace yawan bambancin gado, har da na sinadaran hanta masu narkar da magani, amma tana cikin masu ƙarancin wakilci a rumbunan bayanan da ake horar da kwamfutoci da su. Akwai wuraren da suka fara cike wannan giɓi, kamar cibiyar binciken maleriya ta Bamako, da cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Ghana, da cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, inda ake karanta kundin gadon ƙwayoyin cuta a nan gida.

A Abuja kuma akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, wadda ta taɓa samar da Niprisan domin masu sikila daga haɗin tsirrai da suka haɗa da masoro da kanumfari da karan dafi. Wannan ya nuna cewa ilimin tsirran da ke hannun masu maganin gargajiya zai iya shiga farantin nan mai ramuka kamar yadda ganyen Tu Youyou ya shiga gwaji, a ware abin da ke aiki, a auna kashinsa, a duba illarsa ga hanta da ƙoda da ɗan tayi. Abin da ake buƙata domin fara wannan a asibitocin koyarwa na jami'o'inmu sananne ne, kuma bai kai tsadar madubin ilektiron ba: ma'ajiya mai riƙe ɗumi a digiri 37, da tukwanen iskar da ta maye gurbin kyandir ɗin Trager, da jini mai tsabta daga masu bayarwa, da ruwan naitirojin na daskarar da samfuri, da ma'aikatan da za su zo su sauya wa ƙwayoyin ruwan abincinsu kowace rana har da ranar Sallah. Sama da duka akwai wutar lantarki wadda ba ta yankewa, domin ƙwayar da aka yi wata huɗu ana renonta har ta fara bijire wa sabon sinadari, idan ma'ajiyarta ta yi sanyi na tsawon lokaci za ta iya mutuwa, a koma a fara daga farko.